Katin da Na Ara wa Yaya Mumuni

A shekarar da kuɗinmu, sidi, ya riƙa faɗuwa kullum, har masu shago a Kumasi ba sa faɗa maka farashi sai sun buga waya sun tambaya, a shekarar na kwanta. Ciwon ya fara da kamar mako uku bayan babbar salla. Ina rubuta wannan da hannuna, a littafin da nake zuwa da shi ajin manya Asabar da Lahadi, domin na san akwai gidaje da yawa a Zongo da ake yin abin da muka yi, kuma ni babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini inda abin yake ƙarewa.

Sunana Sule. Shekara goma sha shida na yi a wani kamfanin katako a wajen Atonsu, aikina wasa zarto. Ba ƙaramin zarto na kafinta ba, manyan na inji, waɗanda sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga ɗaya. Idan haƙori guda ya karkace, katakon yinin duk a murɗe zai fito. Mu tara ne a ɗakin wasa, ƙarƙashin kwano, cikin zafi da ƙurar ƙarfe. Bayan gida yana can ƙarshen yadi, saboda haka na saba ba na shan ruwa sai an tashi.

Abin da ya sa mutanen layinmu a Akwatia Line suke ganin na haye shi ne katin asibiti. Kamfani yana biyan masu inshora kowace shekara, su kuma su ba kowane cikakken ma'aikaci kati mai hotonsa. Ka je wani asibitin kuɗi a Kwadaso ka miƙa, a duba ka, a ba ka magani, ka fito ba ka taɓa aljihu ba. Da har da mata da 'ya'ya biyu, daga baya aka cire iyali aka bar mu kaɗai. Ni kuwa ban taɓa ciwon da ya wuce zazzaɓi ba. Ganin ina da wannan katin, na bar na gwamnati ya mutu ban sabunta ba.

Gidanmu gidan gado ne, ɗaki goma sha ɗaya, tsakar gida ɗaya, kuma a gidanmu ba a hana aro. Bokiti, dutsen guga, tukunyar gas, babbar rigar zuwa ɗaurin aure, duk yawo suke yi ɗaki-ɗaki. Wanda ya ce a'a, sai a shekara ana ba da labarinsa a gidajen suna.

Yayana Mumuni ya girme ni da shekara huɗu, tsoffin ƙarafa yake saye da sayarwa. Shi ya kai ni koyon aiki bayan rasuwar babanmu. Shekara uku kafin ciwona aka ce yana da suga da hawan jini. Yana da katin gwamnati, amma ya ce layin yana cinye masa yini, kuma wani maganin sai an rubuta masa ya saya a waje. Wata Juma'a bayan masallaci mahaifiyarmu ta kira ni, shi yana zaune a gefenta.

Mma ta ce, "Sule, katin nan naka barci yake a aljihu. Ga ɗan'uwanka yana zubar da kuɗi a kemis."

Na ce, "Mma, sunana ne a kai, da hotona."

Yaya ya miƙo hannu ya karɓa, ya kara shi a kumatunsa, ya kira matata. "Fati, zo ki faɗi gaskiya. Wannan wane ne a cikinmu?"

Hoton ya koɗe, hula da gemu kawai ake gani. Fati ta leƙa ta ce, "Duk ku biyun kun fi shi muni."

Aka yi dariya, kuma da dariyar katin ya tafi. Shekara uku Yaya yana zuwa Kwadaso duk wata da sunana. Ya riƙe ranar haihuwata fiye da yadda ni na riƙe ta. Nas-nas na can suna ce masa Bra Sule, yana amsawa.

A farkon shekarar da nake magana, Madam Akos, mai kula da ma'aikata, ta tara mu a rumfar katako. Ta ce masu inshora sun ƙara kuɗi, domin magani da dala ake shigo da shi, kuma yawan abin da muka ci a bana shi yake yanke abin da za a biya baɗi. Ta ce gungume ya yi wuya, kuɗin wuta ya hau, kamfani ba zai iya ɗauka duka ba. Daga yanzu kowane kati yana da iyaka a shekara, idan ka kai ta sai ka biya da kanka. Aka zagaya da takarda, na dangwala yatsa. A lokacin sunana kawai nake iya ganewa a rubuce.

Mun san ba wasa take ba. Kamfanoni biyu na katako a kusa da mu sun rufe. Wani kuma ya sallami mutanensa duka, ya sake ɗaukar su ta hannun ejan a matsayin 'yan baide, wato a biya ka a ranar, ba kati, ba hutu. A namu ma an yi shekaru ba a ɗauki cikakken ma'aikaci ko ɗaya ba. Da muka koma ɗakin wasa, shugabanmu Masta Kofi ya ce, "A Nuwamba za a sabunta. Daga yau zuwa ranar, duk mai niyyar ciwo ya yi a gidansu." Muka yi dariya, amma haka aka yi. Abokin aikina Isaka ya yanke a babban yatsa, ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki, wai kada sunansa ya shiga takarda.

Na gaya wa Yaya ya rage zuwa. Ya ce, "To, ka je ka gaya wa sugar."

Makon farko ciwon a kwiɓin hagu yake, daga baya ya gangaro zuwa mara. Yakan kama ni kamar ana murɗa ƙusa, ya sake ni bayan awa guda. Fitsarina ya koma kalar sobolo, wato zoɓo. Ban je asibiti ba saboda abu biyu: Nuwamba, da kuma cewa a Kwadaso suna da wani Sule da suka sani. Na sayi maganin kashe zafi a kemis na sidi talatin.

Mako na biyu gida ya ji, kowa ya zama likita. Mma ta ce basir ne. Matar da ke ɗakin kusa da namu ta ce sanyi ne, na daina wanka da asuba. Wani dattijo a masallaci ya kawo mini kwalbar saiwoyi mai ɗaci, ya ce kyauta ce, sannan ya karɓi sidi hamsin na kwalba. Yaya, wanda yake shan maganin bature da katina, ya ce ni iska ce ta taru mini, na jiƙa kanwa. Na sha duka. Na gode wa kowa, don da zuciya ɗaya suka kawo, amma babu wanda ya ce mini je a duba ka sai Fati, ita kuma na ce ta yi shiru.

Ranar Talatar mako na uku, wajen sha ɗaya na safe, ina tsaye a kan inji amai ya zo mini, na durƙushe. Masta Kofi ya sa ni a motar kamfani sai Kwadaso. A hanya ya ce, "Ina katinka?" Na ce yana gida. Na buga wa Fati, ta bar firijinta na sobolo da ƙanƙara a buɗe, ta bi Yaya har wajen ƙarafa ta karɓo a aljihunsa, ta hau trotro, motar haya, har biyu kafin ta iso. Awa biyu ina kan benci ina murƙususu, ina jiran katina.

Matar da ke fito da folda ta ɗauko wata mai kauri kamar littafin shago, ta dube ni, ta dubi katin. Ta ce, "Bra Sule, ciwo ya canza ka." Fati ta ce, "Ai kin gani."

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba ta kai shekarun ƙanwata ba, mai natsuwa. Tana jin Hausa kaɗan, muna haɗawa da Twi. Ta buɗe foldar tana juyawa, ta ce, "Shekara uku kana da suga da hawan jini. Kana shan maganinka kullum?"

Masta Kofi yana tsaye a bakin ƙofa da hulata a hannunsa. Na ce, "Ina sha."

Ta ce mai yiwuwa sugar ce ta fara taɓa ƙoda, za su kwantar da ni. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, sugata daidai take kamar ta kowane mai lafiya. Likita ta yi murmushi ta ce, "Ka gani, maganin yana aiki. Kada ka fasa." Washegari da safe nas ta kawo mini ƙwayoyin Yaya a ɗan kofi, ta tsaya a kaina har na haɗiye.

Kwana uku ina shan maganin ciwon da ba ni da shi, kuma ba na iya cin abinci saboda amai. Jiri, gumi, hannuna yana rawa. A rana ta uku da hantsi na shiga bayan gida na faɗi. Na farfaɗo na ga an maƙala mini ƙarin ruwa, nas biyu a kaina suna maimaita wata kalma, haipo. Har yau ban manta ta ba. Wai sugar jikina ce ta sauka ƙasa har ta kusa tafiya da ni. Likita ta yi ta mamaki, ta rage ƙwayar zuwa rabi.

Da suka fita Fati ta jawo labule ta matso kunnena. "Malam, za su kashe ka da maganin Yaya. Zan gaya mata."

Na ce, "Kika gaya mata, aikin ya tafi."

"In ban gaya mata ba, wa zai je aikin?"

Na ce ta ba ni zuwa Nuwamba. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ɗauki kwanukan abinci ta fita. Daga ranar na koyi ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, nas na juyawa na tofa a leda. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, ina wasan ɓuya da masu neman lafiyata.

Mako na huɗu likita ta ce sai an ɗauki babban hoton ciki. Wannan sai masu inshora sun yarda. Kwana uku muna jiran amsa, Fati tana hawa tana sauka tsakanin ofis da gadona. Da amsar ta zo, sai aka ce katina ya kusa kai iyaka, abin da ya rage kuɗin gado ne kawai. Na ja jiki na sauka ofis da kaina na ce a karanta mini abin da na ci. Saurayin da ke wurin ya juyo da kwamfuta yana karantawa: maganin wata-wata, gwajin jini, wankin ƙafa sau goma sha wani abu, gwajin ido, tabarau, cire haƙori.

Na ce, "Haƙori?"

Ya ce, "A watan Maris. Na ƙasa, gefen dama."

Na sa harshe na taɓa nawa, yana nan daram. Tabarau kuwa na san shi. Tun azumi Yaya yake yawo da shi a hanci, ya ce mana wani abokinsa ya kawo masa daga Lome.

Muka biya hoton da kanmu, sidi ɗari tara, kuɗin adashin Fati. Ya nuna tsakuwa ce ta toshe hanyar da fitsari yake bi daga ƙodar hagu, ƙodar ta kumbura. Sai an yi aiki. Babban likitan da ke yin irin wannan aikin ranar Alhamis kawai yake zuwa. Ya zo, ya karanta foldar fiye da yadda ya dube ni, ya ce ba zai sa wuƙa a jikin mai suga da ya suma mako guda da ya wuce ba. A sallame ni, na riƙa zuwa gwaji duk mako, idan abin ya daidaita na tsawon wata guda sai a sa rana. Ina zaune ina jinsa, gaskiya tana bakina, na haɗiye ta.

Mako na biyar, na shida da na bakwai duk iri ɗaya ne. Na fita bayan asuba ba ci ba sha, na tsaya neman trotro da kuɗinsa yake ƙaruwa duk mako, na karɓi lamba, na zauna a benci har azahar don a soke mini yatsa a ce sugar da ba ni da ita tana nan lafiya, na dawo mako mai zuwa. Wata rana injin gwajin ya lalace. Wata rana foldar ta ɓata, aka same ta a ɗakin ido. Ciwon kuwa ya daina zuwa yana tafiya, ya zauna. Albashina wata ɗaya aka biya cikakke, daga nan aka koma rabi.

A mako na shida Isaka ya zo gaishe ni da lemo a leda. Ya zauna yana ta juya hularsa, sannan ya ce, "Sule, ba ni na faɗa ba. Masu inshora sun aiko da sunayen waɗanda suka fi cin kuɗi. A sashenmu kai ne na ɗaya, shekara uku a jere. Yara suna cewa kai ka cinye mana kati. Kuma ana maganar a ba wani na waje wasan zarto."

Na ce, "Kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ni shekara goma ina aiki da kai ban taɓa ganin ka haɗiyi ƙwaya ba. Shi ya sa na kasa gane lissafin."

Bai daɗe da fita ba Yaya ya shigo da tabaraunsa. Ya yi mini sannu, ya ɓare lemo biyu ya sha, ya yi gyaran murya. "Sule, katin yana wurin Fati ne? Maganina ya ƙare tun shekaranjiya."

Fati tana bakin ƙofa tana ɗaure sobolo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, akwai sauran haƙori ne da kake son cirewa?"

Ya tashi ya fita. Na kwana biyu ina jin haushinsa, har na fasa amsa masa gaisuwa. A rana ta uku ya dawo ya ajiye baƙar leda a kan katifata, sidi dubu biyu da ɗari biyar. Ya sayar da kurarsa ta ɗaukar ƙarafa da babban sikelinsa. Ya ce, "Ban san akwai iyaka ba." Na ce na gaya maka. Ya ce, "Ka ce na rage, ba ka ce zai ƙare ba." Ni ma da na dangwala yatsa ban san nawa ce iyakar ba.

Mako na takwas zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar ɗari da tsakar rana. Fati ta ɗauki shatar tasi muka koma. Likitar nan ce a bakin aiki. Ta ce ƙodar ta fara ruɓa ciki, kuma wannan a jikin mai suga abin tsoro ne. Ta ce na cire takalmi, haka ake duba masu suga. Ta riƙe ƙafata ta dama tana juyawa, ta koma ga folda, ta sake dawowa ga ƙafar.

Ta ce, "A rubuce, farkon bana ka yi gyambo a babban yatsan nan, wata biyu ana wanke shi, har aka cire farcen. Ban ga tabo ba."

Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna. "Malam Sule, wane ne mai sugar?"

Zan iya cewa farce yana sake fitowa. Har maganar ta zo bakina. Na tuna ɗakin wasa, da albashin da yake ciyar da mutum shida, da Nuwamba da saura 'yan makonni. Fati ta zuba mini ido. Na ce, "Yayana ne."

Likita ta rufe foldar. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Da ka faɗa ranar farko, da an cire tsakuwar nan tun mako biyar da suka wuce. Kuma ni na rubuta maganin da ya kusa kashe ka."

Ta ce dole ta buɗe mini sabuwar folda, kuma dole asibiti ya sanar da masu inshora, in ba haka ba asibitin za a ce ya yi cuta. Na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da Twi, na ce ta bari Nuwamba ta wuce. Ta ce wannan ba ya hannunta. Amma a gabana ta ɗaga waya ta kira babban likitan, ta yi ta magana har ya yarda ya zo ranar Asabar, ranar da ba ta aikinsa ba. Allah ya saka mata da alheri. Ita ta kai ƙarata, ita kuma ta tsaya a kaina har aka yi aikin.

Kafin Asabar an toshe katin. Komai ya dawo kanmu, kuma na gwamnati ya mutu, ba ya tashi a rana ɗaya. Fati ta sayar da firijinta. Aka haɗa da kuɗin kurar Yaya. Liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, mutanen unguwa suka tara abin da suka tara, har da masu cewa basir ne da masu cewa sanyi ne. Na gode musu, ba zan iya kiran suna ɗaya bayan ɗaya ba. Aka yi aiki, aka miƙo wa Fati tsakuwar a ƙaramar kwalba, ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba. Babban likita ya ce ƙodar ta daɗe a toshe, abin da take yi yanzu kaɗan ne, ɗayar ce za ta ɗauki nauyi. Na riƙa shan ruwa, na rage gishiri, kuma kada na sake sayen maganin kashe zafi a kemis.

Mako na sha ɗaya na sa rigata mai kyau na tafi Atonsu. Mai gadi da muke cin waake, shinkafa da wake, tare ya ce na jira a waje sai an kira ni. Madam Akos ta ba ni kujera, ta tambayi jikina, sannan ta miƙo mini takarda. Na riƙe ta ina kallo. Ta gane, ta karɓa ta karanta mini da kanta. An sallame ni saboda ba wa wani katin kamfani, kuma babu kuɗin sallama.

Na ce, "Madam, shekara goma sha shida. Ban taɓa makara ba."

"Na sani, Bra Sule."

"Kuma ba ni kaɗai nake yi ba. Rabin yadin nan katinsu yana hannun wani."

Ta ce, "Wannan ma na sani. Kai ne sunanka ya zo a rubuce."

Ta ce takardar da na dangwala wa yatsa a rumfa, a cikinta aka rubuta hukuncin. Ta raka ni har ƙofa, ta sa mini sidi ɗari biyu daga jakarta ta ce na hau mota. Na karɓa, ina jin haushinta ina gode mata.

Nuwamba ta zo ba na nan, amma labari ya same ni a gida. Masu inshora sun kafa hujja da abin da na yi, suka sake ƙara kuɗi, suka ce kuma sai an sa injin duba yatsa a asibiti. Kamfani ya ce ba zai iya ba. Aka sabunta wa 'yan ofis da injiniyoyi kawai. Aka rufe ɗakin wasa, aka ba wani ɗan kwangila zartunan. Sauran 'yan yadi aka maida su hannun ejan. Na haɗu da Masta Kofi a tasha, shi ma an sallame shi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Sule, tun bara suka gama shawara. Kai ranar kawai ka ba su." Wataƙila gaskiya ne. Amma ba kowa yake ganin haka ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗan kwangilar ya rasa wanda ya iya zartunan, sai ya aiko a kira ni. Yanzu a rumfarsa nake, kwana uku a mako, ina wasa zartunan da na shekara goma sha shida ina wasawa, na san kowanne da inda aka taɓa yi masa walda. Ana biyana baide. Ranar da kwiɓina ya motsa ban fita ba, babu ko sisi.

Wanda yake da irin wannan katin, ya ara wa ɗan'uwansa riga, ya ba shi kuɗin magani in yana da shi, ya raka shi layin asibitin gwamnati ya zauna tare da shi. Amma folda ba ta san zumunci ba, abin da aka rubuta a ciki da shi za a yi maka magani ranar da ba ka iya magana. Kuma kada ka sa yatsa a takardar da ba a karanta maka ba har ƙarshe. Ni da Yaya mun sabunta katin gwamnati rana ɗaya, kowa da hotonsa.

Ga abin da ya tafi. Aikin shekara goma sha shida da kuɗin sallamarsa. Mafi yawan ƙodata ta hagu. Mako goma sha ɗaya cikin ciwo. Adashin Fati da firijinta, yanzu a kula take sayar da sobolo, kafin la'asar ya huce. Kurar Yaya da sikelinsa, a ka yake ɗaukar ƙarfe, kuma wani maganin nasa rabi-rabi yake sha. Katin mutum takwas da muke ɗaki ɗaya, tare da aikinsu. Biyar a cikinsu muna gaisawa. Uku ba sa amsa sallamata, kuma Isaka yana cikinsu.